Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Aka Farfaɗo Da Fiyano Mai Zaren Kaset

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Showak da Gadarif da Gallabat, ko tsakanin Jibiya da Maraɗi, ya san irin rumfar nan ta mai gyaran rediyo da ba a rasa ta a bakin kasuwa. Idan ka leƙa bayan rumfar za ka tarar da tulin tsofaffin rediyoyi masu kaset da rikodoji, wani lokaci har da fiyanon da makaɗan biki suka gaji da shi suka jingine, duk ƙura ta lulluɓe su. Masu kayan sun kawo gyara ba su waiwayo ba, shi kuma mai gyaran jira yake masu sayen tsohon ƙarfe su zo ya auna musu a kilo. A gidajenmu ma haka abin yake, domin da wuya ka shiga gidan dattijo ka rasa kwali ko akwati cike da kaset-kaset na tafsiri da wa'azi da waƙoƙi, waɗanda aka yi shekaru ba a saurara ba saboda babu injin da za a sa su.

Gaskiyar magana ita ce yawancin injinan nan ba mutuwa suka yi ba. Roba ce ta bushe, ko bel ya tsinke, ko datti ya toshe wani wuri, kuma duk waɗannan ana iya sauya su. Abin da ba ya dawowa idan ya tafi shi ne muryar da ke kan zaren kaset. Domin mai karatu ya ga yadda wannan magana take, za mu ɗauki labarin wani abin kiɗa mai suna Mellotron, wato fiyanon da babu komai a cikinsa sai zaren kaset, wanda aka ƙera a Ingila, aka yi watsi da shi, daga baya kuma masu gyara suka tashe shi. Daga nan sai mu dawo gida mu duba namu.

Asalin abin

Wani Ba'amurke ne mai suna Harry Chamberlin ya fara wannan tunani a ƙarshen shekarun 1940. Dabararsa ita ce a ɗauki sautin goge ko sarewa na gaskiya a kan zaren rikoda, kowane amo da nasa zaren, sannan a jera zarurrukan a ƙarƙashin madannan fiyano, ta yadda idan mutum ya danna sai ya ji goge yana tashi alhali babu mai goge a wurin. Ya riƙa ƙera injinan kaɗan-kaɗan a Jihar Kalifoniya, yana sayar da su da sunansa.

A shekarar 1962 wani dillalinsa mai suna Bill Fransen ya ɗauki biyu daga cikin injinan ya tsallaka da su Ingila, yana neman wanda zai ƙera masa kawunan karanta zare guda 70 iri ɗaya, wato abin nan da masu gyara ke kira hed. A birnin Birmingham ya gamu da wasu 'yan'uwa uku, Frank da Norman da Les Bradley, masu kamfanin Bradmatic. Da suka buɗe injin suka ga cikinsa, sai suka ce za su iya ƙera wanda ya fi shi. A 1963 Mellotron na farko ya fito, a 1964 kuma aka fitar da na biyu mai suna Mark II. Sai dai 'yan'uwan ba su san cewa dabarar tana da mai ita a Amurka ba. Da labari ya kai kunnen Chamberlin sai da aka zauna, a 1966 aka yi sulhu aka biya shi. Wannan ma darasi ne ga duk mai hulɗa da dillali: kafin ka zuba kuɗinka a kan kaya, bincika ka san ainihin mai su.

Wani abin lura shi ne, a wannan shekara ta 1963 ce kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da ƙaramin kaset ɗin nan da muka sani, wanda injiniya Lou Ottens ya jagoranci ƙera shi. Ke nan Mellotron da kaset ɗin da ke cikin akwatunanmu sa'annin juna ne, kuma ciwonsu iri ɗaya ne.

Yadda yake aiki

Wanda ya taɓa buɗe rediyo mai kaset ba zai sha wahalar fahimtar Mellotron ba. A cikin rediyo akwai moto, da bel, da ɗan siririn ƙarfe mai juyawa, da rolar roba da ke matse zare a jikin ƙarfen don ya ja shi, sai kuma hed mai karanta sautin. To, a ɗauka an jera irin wannan har guda 35 a cikin akwati ɗaya, moto ɗaya yana juya wani dogon sandan ƙarfe da ya ratsa ƙarƙashinsu duka. Wannan shi ne samfurin M400 da ya fito a 1970, wanda shi ya fi yaɗuwa, domin an ƙera kusan guda 1,800.

Kowane madanni yana da zarensa da rolarsa da hed ɗinsa, da kuma ɗan matashi mai laushi da ke danne zaren a kan hed. Idan ka danna, rola ta matse zaren a jikin sandan, zare ya fara tafiya, sauti ya fito. Zaren ba zagaye yake yi ba, yana da farko yana da ƙarshe, kuma abin da yake ɗauka bai wuce daƙiƙa 8 ba. Da ka ɗaga yatsa sai sifirin ya fizgo shi ya mayar da shi farko. Idan ka ci gaba da dannewa bayan daƙiƙa 8, sai sautin ya ɗauke ɗif. Saboda haka masu kaɗa shi suka koyi sauya yatsu a kai a kai don kada kiɗa ya yanke.

Faɗin zaren milimita 9.5 ne, wato ya ninka na kaset ɗinmu fiye da sau biyu, kuma yana gudun santimita 19 a daƙiƙa, alhali na kaset bai kai santimita 5 ba. A kan kowane zare akwai layuka uku na sauti, misali goge da sarewa da muryoyin mawaƙa, mai kiɗa ya zaɓi wanda yake so. Shi kuwa Mark II jeri biyu na madannai gare shi, zare 70, kuma an tara sautuka 1,260 a cikinsa. Nauyinsa ya kai kilo 160, wato ya fi buhu uku na siminti, kuɗinsa kuma wajen fam 1,000 na Ingila a wancan zamani. M400 ya fi shi sauƙin ɗauka, don bai wuce kilo 55 ba.

Tashe da faɗuwa

Waɗanda suka ƙera shi sun yi zaton masu hali ne za su saya su ajiye a falo, amma sai matasan mawaƙa suka karɓe shi. Ƙungiyar Beatles ta sa sautin sarewarsa a farkon waƙarta mai suna Strawberry Fields Forever a 1967. Mike Pinder na ƙungiyar Moody Blues, wanda ya taɓa aiki a masana'antar da ke ƙera shi, ya mayar da shi ginshiƙin kiɗansu. Ƙungiyoyin King Crimson da Led Zeppelin su ma sun yi amfani da shi, gidan rediyon BBC kuma ya sayi wani samfuri na musamman da aka cika da ƙararraki irin na wasan kwaikwayo. Ƙungiyar makaɗan Ingila ba ta yi maraba da shi ba, don tana ganin zai raba masu goge da abincinsu.

Sai dai abin yana da wuyar sha'ani. Idan aka ɗauko shi daga sanyi aka shigar da shi ɗaki mai zafi, raɓa kan sauka a cikinsa zare ya manne. Idan wutar lantarki ta yi ƙasa, moto ya rage gudu, kiɗa ya karkace. A M400 na farko-farko, idan aka danna madannai da yawa lokaci guda sai moton ya kasa ja, amo ya yi ƙasa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Ga hayaƙi da ƙura, ga jijjigar mota a kan hanya.

A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin da ke sayar musu da kaya a Amurka ya karye, sunan Mellotron ya faɗa hannun wasu, har ta kai masu ƙera shi na asali, wato kamfanin Streetly Electronics, sai da suka koma sayar da nasu da sunan Novatron. Ana cikin haka sai ga sababbin fiyano masu ƙwaƙwalwar kwamfuta, marasa nauyi, marasa zare. A 1986 Streetly ya rufe, aka zubar da yawancin kayan aikin masana'antar. Makaɗa suka jibge nasu a ɗakunan ajiya, wasu suka sayar a kan kuɗi ƙalilan.

Masu gyara sun shigo

Abin da ya ceci Mellotron abu biyu ne: mutanen da suka san cikinsa, da kuma uwar zaren da ake kwafar sauran daga jikinta. A Ingila, John Bradley, ɗan Les Bradley, ya haɗa hannu da abokinsa Martin Smith suka farfaɗo da sunan Streetly a matsayin wurin gyara da sayar da kayan gyara. A Amurka wani mai suna David Kean ya sayi sunan Mellotron da zarurrukan asali da ragowar kayayyaki, daga baya ya haɗu da Markus Resch na ƙasar Suwidin, wanda ya fitar da sabon samfuri mai suna Mark VI a 1999. A 2007 su ma mutanen Streetly suka fitar da nasu sabon mai suna M4000. Injin da a da ake neman mai kwashewa, sai ga shi masu ɗakunan ɗaukar waƙa suna farautarsa da kuɗi mai tsoka.

Yadda ake gyaran yana da tsari, kuma duk mai gyaran rediyo zai ga aikinsa ne na kullum aka ninka sau 35. Ƙa'ida ta farko ita ce ba a jona tsohon inji da wuta don a gwada. Injin da ya yi shekaru a ajiye kwandansojinsa sun bushe, wayoyinsa sun yi rauni, wataƙila ɓera ma ya yi gida a ciki, jona shi haka nan na iya ƙona abin da da ba ya buƙatar gyara. Sai an buɗe, an share, an duba ɓangaren da ke karɓar wuta, an sauya abin da ya lalace tukuna.

Daga nan sai moto da bel da dogon sandan nan. Ana wanke tsohon man da ya daskare a sa sabo, a sauya bel, a kuma cire tsohon allon da ke sarrafa gudun moto a sa na zamani wanda ba ya rage gudu komai yawan madannan da aka danna. Sai rololi 35, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta taurare ko ta tsage a sauya ta, wadda ta ƙi juyawa a wanke ta. Haka za a bi 'yan matasan da ke danne zare, domin sukan cinye ko su karkace.

Shi hed ana goge shi ne da auduga da sifirit mai tsabta, a kuma cire masa maganaɗisun da ya taru a jikinsa da wata 'yar na'ura ta musamman, saboda hed mai maganaɗisu yana cinye sautin zare a hankali duk lokacin da ya wuce ta kansa. Sannan a daidaita tsayuwarsa, don idan ya ɗan karkata sauti zai fito a dakushe. A ƙarshe kowane madanni yana da kusoshi biyu na daidaitawa, ɗaya na rola ɗaya na matashi. Idan aka matse da yawa moto ya wahala, idan aka sassauta da yawa sauti ya riƙa rawa. Wannan aikin kunne ne da haƙuri, ba a koyonsa a rana ɗaya.

Saura zare. Idan tsofaffin sun tsinke ko sun dakushe, sai a sayo sabon jeri da aka kwafa daga uwar zaren da aka ɗauka tun shekarun 1960. A nan ne maganarmu ta farko take: rola da bel da moto duk an sake ƙera su sababbi, amma masu gogen da aka ɗauki sautinsu shekara sittin da suka wuce babu mai tashinsu su sake kaɗawa. Da uwar zaren ta bi sauran kayan zuwa juji, da sai dai a yi ta kwafa daga tsofaffin da suka riga suka gaji.

Mu dawo gida

Mellotron ba kayan kasuwanninmu ba ne, amma jikokinsa sun cika mana gari. Fiyanon Yamaha ko Korg ko Casio da ake kaɗawa a bukukuwa, wanda a Sudan ake kira org, dabarar Chamberlin yake bi: sautin kayan kiɗa ne aka adana a ciki, illa dai a ƙwaƙwalwar lantarki maimakon zare. A Kano ma, tun daga ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ne ya zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa.

A nan yankin Fashaga na Jihar Gadarif akwai misali a kusa. Makaɗin nan da ake kira Jantra ya yi suna a wuraren biki da salon kiɗansa mai suna Jaglara, kuma abin kiɗansa fiyanon Yamaha ne da masu gyara na kasuwar Omdurman suka sauya wa sauti don ya dace da kunnen mutanen Sudan. A 2023 kamfanin Ostinato Records ya fitar da kundinsa mai suna Synthesized Sudan zuwa kasuwannin duniya. Wajen haɗa kundin an yi amfani da tsofaffin kaset-kaset ɗinsa, da kiɗan da aka ɗauka a wuraren biki, da kuma bayanan da aka ciro daga cikin fiyanon kansa. Ashe ke nan hannun mai gyara da tsohon kaset suna cikin abin da ya kai kiɗan Fashaga Turai da Amurka.

A Jamhuriyar Nijar kuma akwai Mamman Sani, wanda ya sayi fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya a shekarun 1970, lokacin yana aiki da hukumar UNESCO. Nasa ba mai zare ba ne, amma zare ne ya adana aikinsa. Ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai a 1978, aka buga kaset ɗin kwafi kaɗan. Mutanen Nijar sun daɗe suna jin kiɗan a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri, amma kaset ɗin ya yi wuyar samu. Sai da wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kwafi ɗaya a wani ɗakin adana kayan tarihi a Yamai, ya nemi mai kiɗan suka daidaita, aka sake fitar da shi a 2013 da sunan La Musique Electronique du Niger. Bayan haka Mamman Sani ya je ya yi wasa a ƙasashen Turai. Kaset ɗaya da wani ya adana da kyau shi ya jawo duk wannan.

Lokaci yana ƙurewa

A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu adana sauti da hotuna ta duniya, IASA, sun yi gargaɗi cewa injinan karanta zare da kayan gyaransu suna ƙarewa, har suka ambaci shekarar 2025 a matsayin lokacin da samun su zai yi matuƙar wuya. Ma'ana, ko zaren yana nan lafiya, idan babu injin da zai karanta shi daidai yake da babu.

Shi kansa zaren roba ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe da wani irin danƙo. Zafi yana lanƙwasa robar, laima tana ruɓar da danƙon ta kuma kawo fumfuna, maganaɗisu kuma yana goge sautin. Mu kuwa a wannan yanki muna da zafin bazara, da guguwar ƙura, da damina mai ƙarfi. Bugu da ƙari ga yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wanda ya raba miliyoyin mutane da gidajensu. Ginin rediyo da talabijin na ƙasa da ke Omdurman, inda aka tara sautukan da aka ɗauka tun bayan kafa gidan rediyon a 1940, ya faɗa hannun dakarun RSF a farkon yaƙin, sai a watan Maris na 2024 sojoji suka karɓe shi. A wannan gidan rediyo ne Aisha al-Falatiya, wadda aka haifa a Kassala daga tsatson Hausawa, ta fara waƙa a 1942, ta zama mace ta farko da aka ji tana waƙa a cikinsa. Abin da ya faru ya nuna cewa ba a dogara ga rumbu ɗaya, komai girmansa.

Ba duk abin da ke akwatunanmu ne ke cikin haɗari iri ɗaya ba. Shahararrun waƙoƙin Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da Muhammad Wardi da Sayyid Khalifa da yawansu sun riga sun shiga wayoyi da intanet. Wanda ake ji wa tsoro shi ne kaset ɗin da babu irinsa a ko'ina: karatun malamin unguwa da ya rasu, kiɗan bikin da aka ɗauka a ƙauye, da kuma saƙon murya da iyayenmu ke ɗauka a kaset su ba matafiyi ya kai wa dangi a Kano ko Sakkwato ko Makka. A cikin irin waɗannan akwai sunayen kakanni da labarin yadda aka taso daga Yamma aka zauna a bakin kogin Atbara, da irin Hausar da ake yi a lokacin.

Abin da ɗan kasuwa zai iya yi

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na farko, kada a auna rikoda ko rediyo mai kaset a kilo kafin mai gyara ya duba shi. Mafi yawan lokaci bel ne ya narke ko rola ta bushe, kuma ko injin ya mutu murus, hed ɗinsa da motonsa za su iya tayar da wani. Masu kawo kayan lantarki daga Dubai ko Addis Ababa ko Kano su sani bel da rola ba su da nauyi ba su da tsada, mai gyara kuma idan ya same su zai tayar da injinan da suka daɗe a kwance.

Na biyu, mai sayen fiyano ko rikoda na gwanjo ya duba rubutun da ke bayansa kafin ya jona. Wutar Sudan da Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 zuwa 240, alhali kayan da aka yi don Amurka na bolt 120 ne, na Japan kuma 100. Jona su kai tsaye ƙona su ne. A buɗe gidan batir a duba ko tsohon batir ya zubar da ruwa ya ci ƙarfe, a danna madannai duka ɗaya bayan ɗaya a saurara. Fiyanon shekarun 1990 da yawa suna amfani da faifan fulofi, wanda kamfanin Sony ya daina yi tun 2011, amma akwai 'yar na'urar da ake sawa a gurbinsa ta karɓi filashi, don haka rashin fulofi ba dalilin zubar da fiyano ba ne. Wanda ke aiki da janareta kuma ya sa sitabilaiza a tsakani.

Na uku, ajiyar kaset. A tsayar da shi a cikin gidansa kamar yadda ake jera littattafai, a wuri mai inuwa da ba ya laima, nesa da lasifika da moto saboda maganaɗisu. Kada a bar shi a gaban mota rana tana dukansa. A ɓalle 'yan haƙoran nan biyu da ke samansa don kada wani ya yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai. Idan an ga farin fumfuna a jikin zaren, kada a sa shi a inji, a ware shi daga sauran. Idan gidan ya fashe, ana iya kwance shi a mayar da zaren cikin wani gidan mai kusoshi. Idan zare ya tsinke kada a liƙa da salatif na kanti, domin danƙonsa yana malala ya manne sauran. Akwai wata cutar danƙo da ke kama wasu manyan zarurrukan gidajen rediyo na shekarun 1970 da 1980, wadda ƙwararru ke magancewa ta hanyar ɗumama zaren a na'ura ta musamman. Wannan ba aikin gida ba ne, kada wani ya ji labari ya kai kaset ɗinsa bakin murhu ko ya shanya a rana.

Na huɗu, a kwafe tun inji yana aiki. A goge hed, a haɗa rikoda da kwamfuta da waya maimakon kara wayar hannu a bakin lasifika, a kwafe sau ɗaya da kyau. A rubuta sunan mai magana da garin da shekarar, tun masu sanin muryar suna raye. A ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, ɗaya ma a tura wa ɗan'uwa a wani gari. Bayan an kwafe kada a zubar da kaset ɗin, domin katin waya ma yana mutuwa ba sallama. Wannan kansa sana'a ce ga matasan da ke tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa, gidajen rediyon al'umma kuma a shirye ya kamata su kasance su karɓi kwafi su adana.

Na biyar, idan baƙo ya zo yana neman tsofaffin kaset-kaset, kada a yi gaggawar sallamawa. A fara kwafewa, a kuma tuna cewa mai muryar ko magadansa suna da haƙƙi a kai, kamar yadda aka nemi Mamman Sani kafin a fitar da nasa.

Daga ƙarshe, mu girmama dattawan masu gyaran rediyo da suka rage a kasuwanninmu. Yaran yanzu duk gyaran waya suke koyo, kuma ba laifi ba ne, amma ya kamata a samu ko ɗaya a kowace kasuwa da zai zauna gaban dattijo ya koyi daidaita hed da sauya rola. Mellotron ya tashi ne saboda ɗa ya riƙe sanin ubansa, wani kuma ya adana zaren asali. Duk mai kwalin kaset a gida ya buɗe shi a wannan mako ya duba, ya ware waɗanda babu irinsu, ya nufi rumfar mai gyara tun tana nan. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa.